Dogon Airis da Iskar Yamma

Dogon furen airis ba ya faɗuwa sai a makon da ya fi kyau. Duk tsawon Afrilu za ka gan shi tsaye ƙyam, ganyensa masu faɗi da tsini sun miƙe sama, babu alamar rauni a jikinsa. Farkon Mayu karan fure ya ɓullo daga tsakiyar ganyen, ya yi ta tsawo har ya kai ƙugun mutum, wani ma ya zarce. Daga nan furanni su fara buɗewa, kowanne ya fi tafin hannu faɗi: kunnuwa uku a tsaye sun haɗa kai a sama, uku sun sunkuyo ƙasa, kowanne da ɗan layin gashi a tsakiyarsa, wanda saboda shi ake ce wa wannan iri mai gemu. To, a daidai wannan lokaci ne ruwan dare ɗaya da iskar yamma kan kwantar da rabin jere cikin taɓo. Mutum ya yi jiran wata goma sha ɗaya saboda furen da ba ya wuce mako uku, kuma kowane fure guda kwana biyu ko uku ne iyakarsa. Wanda bai taɓa renon shuka don kallo kawai ba zai ce ai ba abinci ba ne. Haka ne, amma ni dai duk ranar da na tarar da su a ƙasa, yini nake yi abin na ci mini rai.

Ƙirar shukar ce ta jawo haka. Ƙungiyar masu airis ta Amurka, wadda aka kafa a 1920, tana lissafa iri cikin dogaye ne idan karansa ya kai santimita 70 zuwa sama, kuma da yawa cikin na yanzu suna kaiwa 90 ko mita guda. Karan bai fi babban yatsa kauri ba, ga rassa biyu ko uku, ga ƙunshin fure bakwai ko fiye, kusan duk nauyin yana can sama. Ruwa ya sauka, kunnuwan su jiƙe su ƙara nauyi, iska kuma ta samu faffaɗan abin turawa. A ƙasa kuwa, abin da ke riƙe da wannan kaya duka wani tushe ne mai kauri irin na citta, wanda ba ya nutsewa. Kwance yake a sama, bayansa a rana, saiwoyi ne kawai ke sauka daga ƙarƙashinsa. Tun da na ambaci citta, a kula: kamar a ido ta tsaya. Tushen airis ba a cin sa, yana ɓata ciki sosai, ruwansa ma yakan sa wasu ƙaiƙayi, don haka ba a barin sa inda yara ko dabbobi za su ɗauka.

Ni a arewacin Ingila na haɗu da shi, a yankin Yorkshire, inda aiki ya kawo ni. A nan ƙananan hukumomi kan yanka fili su ba mazauna gari haya, kowa ya samu 'yar gayaunar da zai shuka abin da ransa ke so. Cikakken kaso yakan kai murabba'in mita 250, ko da yake yanzu rabi aka fi bayarwa saboda yawan masu jira. Rabin da aka ba ni ya zo da gadon wanda ya riga ni: bishiyar tuffa guda, tulin kashin doki a lungu, da dogon jeren airis a gindin shingen katako, wanda da gani ya daɗe ba a taɓa shi ba. Da Mayu ta zo suka yi fure, suka kuma zube. Ina tsugune ina shirin ɗaga su, sai dattijuwar da ke da kason kusa da nawa, wadda ta daɗe da yin ritaya kuma ta fi kowa a wurin sanin fure, ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Ɗana, dakata tukuna. Kafin ka ɗaga, duba yadda kowanne ya faɗi." Ta shigo ta nuna mini da sandarta. Ashe faɗuwar ba iri ɗaya ba ce. Wasu karan ne ya lanƙwasa, gindi na nan daram. Wasu karan na miƙe sambal, amma shukar gaba ɗaya ta tuntsure, tushen ya ɗago, saiwoyi a waje. Wasu kuwa daga gindi suka karye, wurin ya yi laushi. Tun daga ranar na daina ɗaukar abin a matsayin ɓarnar iska kawai. Iska turawa take yi, amma abin da ya sa wannan ya faɗi maƙwabcinsa ya tsaya, a jikin wanda ya faɗin ake karanta shi.

Mai lanƙwasa, yawanci inuwa ce ko ƙoshi. Airis mai gemu na buƙatar rana kai tsaye aƙalla awa shida a yini. A Ingila rana ta kudu take bi, saboda haka duk abin da ke tsaye a kudancin shuka zai jefa mata inuwa, kuma shingen katakon nan a kudancin jeren yake. Karan da ke neman haske sai ya yi tsawo fiye da ƙarfinsa, ya sirance, ya karkata wajen da haske yake tun kafin fure ya buɗe. Karkataccen kara ba sai an yi guguwa ba, yayyafi ma ya isa. Na lura waɗanda ke ƙarƙashin reshen tuffa sun fi kowa wannan hali, na ƙarshen jere kuwa, inda shingen ya ƙare rana ta samu hanya, sun fi gajarta kuma sun fi tsayuwa, alhali iri ɗaya ne.

Ƙoshin kuwa ba sai an yi mini bayaninsa ba, don na taso a gidan noma. Duk manomi ya san dawar da ta tsiro a kan juji ko a tsohon makwancin shanu: ganye kore shar har ya yi duhu, tsawo ya wuce na sauran gona, sannan iskar ƙarshen damina ta zo ta fara kwantar da ita. Haka airis ɗin da ke kusa da tulin kashin doki suka yi. Sinadarin naitirojin yana hanzarta girma, amma naman karan da aka yi cikin gaggawa ruwa-ruwa ne, ba shi da tauri. Sai dai kamar ta tsaya nan. Mu idan muna tsoron kwanciyar dawa, huɗa muke yi mata, mu tara ƙasa a gindi ta riƙe ta. Wanda ya yi wa airis haka ya hallaka shi, domin tushen da aka binne ba ya samun zafin ranar da yake buƙata, sai ya rage fure, a ƙasa mai riƙe ruwa kuma ya ruɓe. Hannuna har yau yakan so jawo ƙasa zuwa gindi idan na ga kara na rawa, sai na tuna na fasa.

Saboda haka taki kaɗan ake ba shi, kuma mai ƙarancin naitirojin. Lambobi ukun da ke jikin buhu, ta farko ita ce ta naitirojin. 15-15-15 da 20-10-10 da muka saba da su a gida sun yi masa yawa. Irin 5-10-10 ko 6-10-10 ake nema, ko garin ƙashi, a barbaɗa a kewaye ba a kan tushen ba, sau ɗaya a Maris, sau ɗaya bayan fure ya ƙare. Wanda jerensa ke bakin ciyawar ado ya kula da takin ciyawa, don shi yawanci naitirojin ne ya fi yawa a cikinsa, ruwa kuma yakan gangaro da shi. Ni tulin kashin dokin na kwashe na kai wa kabewa, wadda ba ta ƙin ƙoshi.

Akwai abin da ya ƙara tabbatar mini da wannan. Wani farin airis, Iris albicans, ɗan asalin Yaman da Saudiyya, Musulmi ne suka yaɗa shi a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ta hanyar dasa shi a maƙabartu. Ba mai ba shi taki, ba mai yi masa ban ruwa, ƙasar busasshiya ce mai tsakuwa, kuma ɗaruruwan shekaru yana nan yana fure. A Tuskani ta Italiya ma, inda ake noman Iris pallida don a busar da tushensa wajen shekara uku a yi turare da shi, a gangaren duwatsu tsakanin itatuwan zaitun ake shuka shi. Asalin wannan dangi ke nan: rana, tsakuwa, ƙarancin abinci, da sanyin hunturu wanda in babu shi ba sa son yin fure. Mu ne muka kawo su cikin laka da lema muka cika su da abinci.

Mai tuntsurewa gaba ɗaya shi ne ya fi koya mini aiki, domin maganinsa ba a Mayu yake ba, a Agustan bara yake. Tun ran gini ran zane. Kowane tushe sau ɗaya yake fure a rayuwarsa. Bayan nan sai ya fitar da 'ya'ya a gefensa, su ne za su yi fure baɗi, shi kuma ya zauna a tsakiya babu ganye. Shekara uku ko huɗu, tsakiyar ta cika da tsofaffin tushe, sababbin su rasa wuri su hau kan iyayensu. Da na haƙe jeren da na gada, na tarar da wasu tushen a hawa na biyu, saiwoyinsu na lilo, ɗan abin da ya taɓa ƙasa bai taka kara ya karya ba. Irin wannan ne aka ɗora wa karan mita guda. Ko babu iska, nauyinsa kaɗai zai iya juya shi.

Ana rabon ne tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Satumba, kimanin mako shida bayan fure, yadda sababbin saiwoyi za su kama kafin sanyi ya shigo. A sa shebur mai yatsu a ɗago curin duka, a kakkaɓe ƙasa, a yanke ƙananan tushe masu ƙarfi da ke gefe da wuƙa mai tsabta, kowanne da ganyensa da saiwarsa, a zubar da tsofaffin tsakiya. A rage ganyen zuwa kamar santimita 15, don kada iska ta samu abin kamawa ta riƙa girgiza dashen kafin ya zauna. Wurin dashe shi ne inda na ga mutane da yawa na gaggawa. Ba a ɗora tushen a kan ƙasa a tafi ba don an ji ance yana son sama. Rami ake yi mai faɗi, a bar ɗan tudu a tsakiyarsa, a kwantar da tushen a kan tudun, a baza saiwoyi su sauka dama da hagu cikin ramin, a mayar da ƙasa a danne ta da ƙarfi da hannu biyu. Saiwa ta yi zurfi, bayan tushe ya kasance a fili: abubuwa biyun tare ake so. Tsakanin dashe da dashe santimita 30 zuwa 45. Dattijuwar nan ta ƙara mini da cewa in juya kowanne yadda tushen zai fuskanci kudu, ganyen na bayansa ta arewa, don kada shuka ta yi wa kanta inuwa.

Ƙasata yumɓu ce mai riƙe ruwa, saboda haka na tayar da kunya mai faɗi, tsayinta kamar taƙi guda, na cakuɗa ta da tsakuwa ƙanana, na kuma matsar da jeren daga gindin shinge zuwa tsakiyar fili. Sabon dashe ana ba shi ruwa har ya kama, daga nan a ƙyale shi. A hunturu ƙanƙara kan kumbura ƙasa ta turo tushen sama, don haka bayan kowane tsananin sanyi nakan zaga in danna waɗanda suka ɗago; wanda ya ƙi zama in ɗora masa ɗan dutse har zuwa Maris. Duk da haka, dashen shekarar farko shi ne mafi saurin tuntsurewa, domin saiwarsa ba ta gama bazuwa ba. Shi ya sa ba na raba jeren duka a shekara ɗaya. Kashi-kashi nake yi, yadda kullum akwai waɗanda suka zauna da gindinsu.

Mai karyewa daga gindi, hanci ne ke fara ba da labarinsa. Warin ruɓar airis ba ya ɓuya. Wata ƙwayar bakteriya ce, Pectobacterium carotovorum, wadda ita ce dai ke ruɓar da dankalin turawa da karas a ma'aji, takan shiga ta rauni ta narkar da tushen ya koma ruwa-ruwa. Raunin kuwa a nan Ingila dodon koɗi da ɗan'uwansa marar kwanso ne suka fi yin sa. Da dare suke ci, kuma sukan ƙwaƙule gefen karan fure tun yana ƙarami, ya girma da tabon, ya karye a nan ranar da nauyi ya hau. A gabashin Amurka wata tsutsa ce ke huda ganye ta gangara cikin tushen. Fartanya ma na yin rauni, shi ya sa da hannu ake cire ciyawa a tsakanin airis. Idan na samu ruɓa, cokali nake sawa in kankare har in kai nama mai tauri, in bar wurin a buɗe rana ta busar da shi, in wanke cokalin da wuƙar da bilic kafin in taɓa wata shuka. Busassun ganye kuma ba na barin su su taru a kan tushe, nan ne dodon koɗi ke kwana. Wannan faɗuwa sanda ba ta yi mata komai. Ka ɗaure karan a tsaye, gobe ka tarar ya yanƙwane a jikin sandar.

Bayan an gyara rana da taki da dashe da ruɓa, sai ka ga har yanzu wasu na faɗuwa, kuma kullum su ɗin ne dai. Nan maganar ta koma kan iri, kuma nan ne nake da ƙorafi. Tsofaffin airis na lambunan Turai, waɗanda suka fito daga Iris pallida da Iris variegata, furanninsu matsakaita ne. A ƙarshen ƙarni na 19 Sir Michael Foster, malamin ilimin aikin jiki a Jami'ar Kambirij, ya riƙa karɓar manyan iri daga Gabas ta Tsakiya, ciki har da wanda aka sa wa suna 'Amas', da aka kawo daga Amasya ta Turkiyya a 1885. Waɗannan sandunan gadon da ke cikin ƙwayoyinsu 48 ne, ninki biyu na 24 ɗin tsofaffin Turai, kuma komai nasu ya fi girma. A 1917 aka fitar da 'Dominion' na Arthur Bliss, wanda ya zama kakan da yawa daga cikin dogayen yau. Tun daga nan masu haɗa iri suke ta ƙara wa furen faɗi da kauri da tattara a baki, launuka kuma har da waɗanda a da ba a taɓa zato ba. Ba na raina wannan aiki. Wanda ya taɓa tsayawa gaban 'Dusky Challenger', mai launin shunayya mai duhu kamar zai koma baƙi, wanda gidan Schreiner na jihar Oregon ya fitar a 1986, ya san an yi gwaninta. Irin nan ya ci lambar Dykes a 1992, lambar da ta fi kowace daraja a duniyar airis, mai ɗauke da sunan William Rickatson Dykes, marubucin babban littafin nan The Genus Iris na 1913.

Ƙorafina a kan yadda ake sayar da su ne. Alƙalan ƙungiyar Amurka, idan suna auna dogon airis a lambu, maki 35 cikin 100 suke ba kara, fure kuwa 25. Wato masana sun san kara ya fi fure muhimmanci. Amma buɗe kowane littafin talla, hoton fure guda za ka gani an matso da shi kusa, babu kara, babu gindi, babu labarin yadda yake yi da ruwan sama. Ga shi kuma da yawa daga cikin sababbin iri an tace su ne a Oregon da Kalifoniya da Ostireliya da kwarin Loire na Faransa, inda bazara ta fi tamu zafi da bushewa. Irin da ya tsaya da ƙafarsa a can ba lalle ya tsaya a Yorkshire ba. Yanzu ba na sayen iri sai na gan shi a tsaye a lambun wani, kuma na fi son in je kallo washegarin ruwa.

Wannan ne ya kai ni ga tsofaffin iri. Mai zane Cedric Morris, wanda ya zauna a Benton End kusa da Hadleigh a Suffolk daga 1940 har rasuwarsa a 1982, ya haɗa iri masu yawa da ke ɗauke da sunan Benton, masu launi mai sanyi da fure madaidaici. Sun kusa ɓacewa, sai Sarah Cook, tsohuwar shugabar masu kula da lambun Sissinghurst, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tattaro, aka nuna su a bikin furanni na Chelsea a 2015. A filina waɗanda furensu bai cika girma ba sun fi jure ruwa, haka ma 'Jane Phillips', mai shuɗi mai haske da ƙamshi, wadda ta daɗe a lambunan Ingila. Ba ina cewa tsufa kaɗai shaida ba ne. Cikin tsofaffi akwai masu siririn kara mai murɗewa, cikin sababbi akwai masu kara kamar an dasa ƙarfe, kuma Suffolk ɗin Morris na cikin yankunan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Ingila. Abin dubawa shi ne ko karan ya yi daidai da kayan da aka ɗora masa.

Sanda kuma fa? Ina amfani da ita, ba na kuma jin kunyar haka, ko da yake akwai masu ganin airis ɗin da ke buƙatar tokara bai cancanci wuri a lambu ba. Dashen shekarar farko duka nake tokarewa, da 'yan iri biyu-uku masu nauyin kai da ba zan iya rabuwa da su ba. Lokacin kafawa shi ne sa'ad da karan ya kai rabin tsawonsa, ƙunshin bai nuna launi ba. Dalili kuwa, karan da ya kwana a ƙasa kansa yakan lanƙwaso sama yana neman miƙewa, kuma wannan lanƙwasa ba ta warwarewa. Ka ɗaga shi bayan kwana ɗaya, sai furen ya koma kallon gefe. Kowane kara sandarsa ta gora, siririya, wadda idan an kafa ta za ta tsaya ƙasa da furen ƙoli, don kada iska ta riƙa goga furen a jikinta. A kafa ta ɗan nesa da gindi, ta bayan ganye, bayan an laluba da yatsa an tabbatar babu tushe a wurin, domin sandar da ta huda tushe ta buɗe wa ruɓa ƙofa. Ta shiga ƙasa sosai, aƙalla taƙi guda, in ba haka ba ita da karan tare za su tafi.

Ɗaurin da igiya mai laushi irin ta rama ake yi, ba waya ba. A fara ɗaure ta tam a jikin sanda, sannan a gitta a zagayo karan sako-sako, ɗaurin ya yi siffar lamba 8, gicciyen na tsakanin kara da sanda. Wuri biyu ya isa: ɗaya a ƙasa da reshen farko, ɗaya a ƙarƙashin ƙunshin sama. Ɗauri ɗaya a tsakiya yana da haɗari, don iska kan karya karan a daidai igiyar. Karan kuma yana ci gaba da tsawo har fure ya buɗe, saboda haka sai an riƙa dubawa ana matsar da na sama. Kada a tattara kara huɗu ko biyar a ɗaure su dami ɗaya. Furannin za su murje juna, kyan da ake nema ya tafi. Zoben ƙarfen da ake sa wa wasu furanni masu yawan rassa ma bai yi mini amfani ba, karan kan jingina a bakinsa ya karye. Kan kowace sanda nakan kifa ɗan murfin roba, domin mai sunkuyawa cire ciyawa ba ya ganin tsinin gora sai ya kusa shiga idonsa.

Iskar da ta fi yawa a Ingila daga kudu maso yamma take zuwa. Katanga ko shingen katako marar ƙofofi ba ya tsayar da ita; hawa take yi ta faɗo ta ɗaya gefen tana juyi, ta bugi shuka ta inda ba a zata ba. Shingen itatuwa ko raga mai huji ya fi, don yana tace iskar ya rage mata ƙarfi. Nawa na kafa shi ta yamma, da tazarar da inuwarsa ba za ta kai jeren ba sai rana ta yi sanyi.

Akwai kuma ɗan aikin kullum da mutane ke rainawa. Furen da ya gama kwanakinsa ba ya bushewa ya faɗi. Naɗewa yake yi ya jiƙe ya zama curi mai nauyi, ya manne a kan ƙunshin da ke biye da shi. Kowace yamma a lokacin fure nakan bi jeren in ƙalle su da yatsa biyu, a hankali, domin sau da yawa akwai wani ƙunshi a manne a gindin wanda ya mutu. Masu duhun launi ruwansu na rina hannu da riga, a sani. Idan kuma masu hasashen yanayi sun ce ruwa da iska na tafe da dare, nakan yanke 'yan karan da suka fi nauyi in tafi da su gida. Wanda aka yanka furen farko na shirin buɗewa zai yi ta buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya a cikin kwalbar ruwa har kusan mako guda. Wanda ya riga ya faɗi ma haka nake yi masa, in bai ɓaci da taɓo ba.

Fure na ƙarewa a Yuni nake yanke kowane kara daga gindi, don kada ruwa ya bi ta cikinsa ya sauka kan tushe, amma koren ganye ba na taɓa shi, shi ke tara abincin furen baɗi. Kafin in zare sanduna nakan ɗaura ɗan ƙyalle a gindin duk wanda ya faɗi, in rubuta a littafina yadda ya faɗi, domin a Agusta duk ganye ne iri ɗaya, ba a gane mai laifi. Wanda ya tuntsure a sake dasa shi, wanda ya lanƙwasa a matsar da shi cikin rana. Wanda kuwa aka yi masa komai ya ci gaba da zubewa shekara bayan shekara, nakan ba wanda lambunsa ke cikin gari inda gidaje ke tare iska. A ƙarshen jeren da ya fi fuskantar yamma na daina dasa dogaye sam. Matsakaita na sa, masu tsawon santimita 41 zuwa 70, irin su 'Langport Wren' na gidan Kelways da ke Somerset, waɗanda ke riga dogayen buɗewa, saboda haka lokacin furen ma ya ƙaru. A kwarin da ruwa ke kwanciya kuma, inda mai gemu ba zai rayu ba, na dasa airis ɗin Saiberiya, mai siririn ganye da ƙananan furanni, wanda ke son lema kuma karansa ba ya neman sanda.